Littafin hotuna na yaro ɗan shekara 1 zuwa 5: na kwali, na gwanjo, na ƙyalle, ko wanda za ki buga da kanki?

Ƙanwata ce ta kira ni tana tsaye a wani shagon littattafai a Kaduna, riƙe da littafin kwali ɗan mitsitsi mai shafi goma, kuɗinsa kuwa ya kusa na cefanen kwana biyu. "Yaya, in saya ko in bari? Yaron nan fa komai ya samu baki yake kaiwa." Na ce ta ajiye tukuna mu yi magana, domin ni ma na yi wannan tsayuwar a kan 'ya'ya uku, na yi asarar kuɗi a wasu littattafan, na ci riba a wasu. Abin da na faɗa mata shi ne na faɗaɗa a nan. Zan yi magana da uwa ne, amma uba da malamar nazare duk abin ya shafe su.

Ba sai an tsaya gardama kan ko jariri na buƙatar littafi ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara tun 2014 cewa a riƙa karanta wa yaro tun daga haihuwa. Mu kuwa da muka tashi da "ga ta nan, ga ta nanku" a bakin kaka mun san amfanin zama da yaro ana ba shi labari. Abin tambaya kawai shi ne wane iri za a saya da ɗan kuɗin da ke hannu.

Abubuwan da nake dubawa

Na farko, ƙarko. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 1 da bakinsa yake karatu, lokacin ne haƙora ke fitowa, dasashi na ƙaiƙayi. Ɗan shekara 1 yana damƙo shafi uku ko huɗu a lokaci guda ya juya. Sai wajen shekara 2 yatsunsa ke iya ɗaga shafi ɗaya-ɗaya. Daga 3 zuwa 5 ne yake bin labari mai farko da ƙarshe, har ya kama ki idan kika tsallake shafi. Littafin da kullum sai an ce "kar ka taɓa, za ka yaga" ya zama kayan ado, yaro bai amfana da shi ba.

Na biyu, haɗari. Ma'aunin da ake bi a Amurka da Turai ga kayan yara 'yan ƙasa da shekara 3 shi ne wani ɗan bututu mai faɗin santimita 3 da ɗan ɗoriya: duk abin da ya shige cikinsa yana iya maƙale wa yaro a wuya. A littafi, wannan na nufin maɓalli, idon roba da aka manna wa dabba, dutsen ado, da ƙusar sitefula.

Na uku, harshe da abin da ke cikin hoton. Wannan ne aka fi mantawa da shi, kuma ni a wurina ya fi nauyi. Aikin littafi ga ɗan shekara 2 shi ne ya nuna abu ya faɗi sunansa, sannan ya waiwaya ya gan shi a tsakar gida. Akuya, buta, tabarma, mangwaro, adaidaita sahu.

Na huɗu, kuɗi, amma a lissafa shi da tsawon watannin da littafin zai yi yana aiki. Na biyar, sauƙin samu.

Sabon littafin kwali

Shi ne mai shafuka masu kauri kamar bangon kwalin takalmi, an lulluɓe su da sheƙi. Wajen ƙarko babu kamarsa cikin waɗanda ake saya: yana jure jifa, yana jure yawu, idan kunu ya zuba a goge da tsumma mai ɗan danshi. Kaurin shafin ne ke ba ƙananan yatsu damar juyawa. Akwai guda ɗaya da ya bi ta hannun 'ya'yana uku, kusurwoyinsa duk sun sha tauna, amma har yau bai lalace ba.

Matsalarsa biyu ce. Kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, daga Ingila, Indiya ko Sin, don haka farashinsu na bin dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 suka zama kayan masu hali. Ta biyu kuma, da Turanci suke, a Nijar kuma da Faransanci, sai ƙalilan na Larabci masu alif da ba. Hotunan ma na can ne: dusar ƙanƙara, ɗan beyar sanye da rigar sanyi, alade, bishiyar Kirsimeti. Ba laifi ba ne yaro ya san akwai dusar ƙanƙara a duniya, sai dai wannan aikin ɗan shekara 4 ne mai tambayar "mene ne wannan?", ɗan wata 18 kuwa kaza yake son gani. Dabarar da nake yi ita ce in zaɓi mai hoto ɗaya babba a kowane shafi, in yi watsi da rubutun, in faɗi sunan da Hausa. Yaron ai bai san akwai rubutu ba.

A cikin wannan rukuni akwai masu kiɗa da kukan dabbobi idan an danna. Ina roƙon ki, ki juya bayansa ki duba murfin batiri kafin ki biya. Idan ba a ɗaure shi da sukuru ba, ki ajiye. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2 kacal. Na taɓa sayen irinsa a wani shago, kwana uku murfin ya fita, Allah ya taimake ni na tsinci batirin a kan katifa kafin 'yata ta gan shi. Ban da haɗarin ma, yara kan shagala da danne-danne su manta da hoton, batirin ya ƙare, littafin ya mutu.

Na gwanjo

Littattafan yara na zuwa cikin dila tare da kayan wasa da jakunkunan makaranta, ana baza su a ƙasa a kasuwanni irin Sabon Gari a Kano, da bakin manyan makarantu. Nan ne mai ƙaramin ƙarfi ke samun littafin kwali na asali da kuɗin da bai kai rabin na sabo ba, idan ta iya ciniki. Sau da yawa ingancinsa ya fi na sabon da ke kanti, domin an yi shi ne don kasuwar da ke da tsauraran dokoki.

Sai dai gwanjo sa'a ne, kuma yana son natsuwa. Ki tsuguna ki buɗe shafi-shafi. Masu 'yan ƙofofi da ake ɗagawa a ga abin da ke ƙasa, yawanci an riga an cire ƙofofin. Ki shinshina: idan yana warin funfuna, ya sha ruwa a hanya, kuma ba a raba kwali da funfuna. Ki duba shekarar bugu a shafin ciki ko a bayan bango. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta ɗauki shekarar 1985 a matsayin iyaka, saboda wasu littattafan da aka buga kafin nan akwai dalma a tawadarsu. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai ba mai tauna littafi irin wannan ba. In kin kawo gida, ki goge shi da tsumma da ɗan ruwan sabulu, ki shanya a inuwa, domin rana mai zafi na tanƙwara kwali ta saki gam.

Matsalar harshe tana nan yadda take a sabo. Ƙari a kan haka, ba ki da zaɓi: abin da dila ta kawo shi za ki ɗauka.

Na takarda, bugun gida

Su ne siraran littattafan da ake sayarwa a shagunan kayan makaranta da hannun masu talla a danja: A, B, C, ƙidaya, sunayen dabbobi da 'ya'yan itace. Sun fi kowanne araha, kuma ko'ina akwai su. Araha dai ba ta ado. Takardar siririya ce, ƙusar sitefula biyu ce ke riƙe da ita, kuma a hannun ɗan shekara 2 ba ya kwana biyu. Hotunan kan cushe, abu goma sha biyu a shafi ɗaya, idon ƙaramin yaro ya rasa inda zai sauka. Akwai waɗanda na ga kuskuren rubutu a cikinsu, don haka a duba.

Ga ɗan shekara 4 ko 5 da ya daina yage-yage, suna da amfaninsu, musamman idan aka bi bayan da faffaɗan selotef aka rufe ƙusoshin. A nan ne kuma ake cin karo da na Hausa, sai dai a lura: yawancinsu na 'yan firamare ne. Jerin Mu Karanta da aka yi amfani da shi a makarantun Bauchi da Sakkwato an tsara shi ne don koyar da karatu a azuzuwan farko na firamare. Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuwa, wanda iyaye da yawa ke fara tunawa da shi idan an ce littafin Hausa, ke za ki karanta ki ba da labarin da bakinki, ba a miƙa wa ɗan yaye shi.

Na ƙyalle

Wannan ba a cika ganinsa a kasuwa ba, amma kowane tela zai iya ɗinka shi. A samu ragowar atamfa da shadda, a yanka murabba'i shida ko takwas kamar faɗin tafin hannu biyu, a sa soso siriri a tsakiya, a ɗinka siffa ɗaya a kowane shafi: kifi, wata, ƙwallo, kaza, mota. Ba ya yagewa, ba shi da kaifi, ana wanke shi tare da kayan yaro, ana tafiya da shi asibiti ko gidan biki a cikin jaka. Ga jariri daga wata 4 zuwa wata 18 ban ga abin da ya kai shi ba. Kuɗinsa kuɗin ɗinki ne kawai, idan kina da keke a ɗaka ma kyauta ne.

Ki gargaɗi telan: ban da maɓalli, ban da duwatsu, ban da igiya mai tsawo. Teloli na son ƙawata aiki, sai kin nanata. A wanke yadin kafin a ɗinka, don wata atamfar na zuba, kuma bakin yaro za ta. Iyakarsa ita ce ba ya ɗaukar labari. Da yaro ya fara haɗa kalmomi biyu zai gundure shi.

Wanda za ki sauke daga intanet ki buga

A nan zan daɗe, domin shi ne mafitar da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ne ya fi warware matsalar harshe.

Akwai rumbunan littattafan yara na kyauta a intanet waɗanda aka saki ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato an yarda ki sauke, ki buga, ki raba, a yawancinsu har ki fassara. African Storybook na wata cibiyar ilimi ce a Afirka ta Kudu mai suna Saide, kuma yana da labarai da Hausa. StoryWeaver na Pratham Books ne, wata ƙungiyar buga littattafan yara a Indiya, an buɗe shi a 2015, shi ma akwai Hausa. Haka Bloom Library da Global Digital Library. An kasa littattafan mataki-mataki. Ga 'yan ƙasa da shekara 5 ki tsaya a mataki na 1 da na 2, masu rubutu kaɗan a shafi. Hotunan African Storybook na Afirka ne: yara baƙaƙe, awaki, kasuwa, mata ɗauke da tulu. Book Dash, ita ma ta Afirka ta Kudu, tana da wasu littattafan da babu rubutu ko ɗaya a cikinsu, hoto ne zalla, kuma su na fi so, domin kaka da ba ta yi boko ba tana iya ɗauka ta ba da labarin yadda ta ga dama, gobe ta sake shi.

Yadda ake yi: ki sauke littafin a matsayin PDF a wayarki, ki kai shagon da ake buga takardu. Ki ce a rage shi shafi biyu a takarda ɗaya, ya fi dacewa da hannun yaro kuma ya rage kuɗi. Ki tambaya wace irin firinta ce, domin mai tawadar ruwa bugunta na narkewa idan yawu ya taɓa, mai hoda kuwa ba ya narkewa. Bugun kala ne mai tsada. Idan ya yi yawa, ki buga baƙi da fari, yayyen yaron su shafa masa kala da fensir, ya zama aiki biyu. Sannan a yi wa kowane shafi laminatin, wato a rufe shi da leda mai kauri. Da kin dawo gida ki sa almakashi ki zagaye kusurwoyin, don ledar laminatin tana da kaifi kamar reza, ta taɓa yankar ɗana a gefen ido. Wajen haɗa shafukan, ki guji murɗaɗɗiyar wayar nan da ake ɗaure takardun ɗalibai da ita, yara na zare ta. A huda rami biyu a ɗaure da guntun zare mai kauri, ko a kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke gefen.

Idan aka yi haka, littafin na kusa da na kwali wajen ƙarko, kuma ko gara da kyankyaso ba sa cinsa, danshin damina ba ya shigarsa. Idan shafi ɗaya ya lalace, shi kaɗai za a sake bugawa.

Wahalarsa ita ce sai kin ba shi lokaci, kuma sai kin tace. Masu sa kai ne ke fassara da yawa daga cikinsu, wata Hausar ta zauna daram, wata kuwa kina karantawa kina jin Turanci a ƙarƙashinta, wani wurin an bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa. Ki karanta da ƙarfi kafin ki kashe kuɗin bugu. Ki kuma lura ko Hausar Nijeriya ce ko ta Nijar, don rubutun ya ɗan bambanta: inda ake rubuta 'y a Nijeriya, a Nijar ƴ ake sawa. Ga wanda bai fara karatu ba wannan ba komai ba ne, ga mai shirin shiga firamare gara a bi na ƙasarsa.

Da wannan hanyar kina iya yin littafin gidanku: hoton Baba, Inna, Kaka, akuyar gida, masallacin unguwa, kowanne da sunansa a ƙasa. A gidana babu littafin da aka buɗe sau da yawa kamarsa.

A waya kawai, ba bugu

Waɗannan rumbunan duk ana iya karanta su a waya, kuɗin data kaɗai. Ga tafiya ko zaman jira a asibiti yana ceto. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Ga kuma abin da kowace uwa ta sani: da an miƙa waya, labari ya ƙare, bidiyo ake nema, karɓewa kuma sai da kuka. Ni a waya nake tantance littafi kafin in buga.

| Iri | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin samu | Abin tsoro | Da Hausa? |
|---|---|---|---|---|---|
| Sabon kwali | Mai tsada | Shekaru | Manyan birane | Batiri a masu kiɗa | Da wuya |
| Gwanjo | Matsakaici zuwa araha | Shekaru, in an zaɓa da kyau | Sai an yi sa'a | Funfuna, tsohon bugu | A'a |
| Takarda, bugun gida | Araha | Kwanaki ga ƙarami, watanni ga babba | Ko'ina | Ƙusar sitefula | Wasu |
| Ƙyalle | Kuɗin ɗinki | Shekaru | Kowane tela | Maɓalli, igiya, yadi mai zuba | Babu rubutu |
| Bugu da laminatin | Matsakaici | Shekara ko fiye | Sai da waya da shagon bugu | Kaifin kusurwa | Ƙwarai |
| Waya | Data | Ba a riƙe shi a hannu | Nan take | Sabo da allo | Ƙwarai |

Akwai gidajen da ba sa son hoton mai rai. Malamai sun yi bayani a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanar da Nana A'isha ta yi wasa da su, amma kowa ya bi fatawar da ya natsu da ita. Wanda ya zaɓi kaucewa, na ƙyalle da na bugu sun fi masa sauƙi, tunda shi zai zaɓi abin da za a sa: wata, tauraro, jirgi, bishiya, kwano. Akwai kuma littattafan kwali na Musulunci da ake zana mutane babu fuska.

Wanne ya dace da wa

Idan jaririnki bai kai wata 18 ba, ki je wurin tela, ki ƙara da littafin kwali ɗaya ko biyu na gwanjo masu manyan hotuna. Sun ishe shi, domin a wannan shekarun maimaici yake so, littafi ɗaya sau ashirin.

Daga wata 18 zuwa shekara 3, lokacin da baki ke buɗewa, kuɗinki ya tafi wajen bugu da laminatin: littafin gidanku guda, da na Hausa uku ko huɗu daga mataki na 1.

Daga 3 zuwa 5, labari ake nema. Mataki na 2 daga rumbunan nan, ko ba laminatin idan yaron mai natsuwa ne, da waɗanda babu rubutu don shi ma ya ba ki labari. Idan makarantarsa da Turanci ake koyarwa, a nan na gwanjo da na A, B, C ke shigowa.

Mai neman abin da za ta kai gidan suna, kuma tana da hali, sabon littafin kwali mara batiri kyauta ce da za ta bi ta kan ƙanne. Malamar nazare ko ta Islamiyya mai yara talatin, bugu ya fi mata, don tana iya yin kwafi biyar na labari ɗaya, kuma lasisin ya yarda. Wanda ke ƙauye nesa da shagon bugu, ya tara littattafai biyar a waya, ranar kasuwa ya buga su gaba ɗaya. Masu zama a Saudiyya, Ingila ko Kumasi da ke tsoron Hausa ta kuɓuce wa 'ya'yansu, su ma bugun ne nasu, tunda ba za su samu na Hausa a kanti ba.

Ƙanwata dai ba ta sayi na shagon ba. Ɗanta wata 14 gare shi, don haka ta kai wa telarta ragowar atamfar sallah, ni kuma na aika mata tsohon littafin kwalin nan mai taunannun kusurwoyi a motar Kaduna.